Amsa ga Hajiya kan ƙawata falo da tsoffin fitilun masana'anta

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Hajiya, na ga hotunan da kika turo, na falon nan mai tiyon ƙarfe a bango da fitilu masu hular kwano, kina tambaya ko za a iya yin irinsa a nan Yamai ba sai an yo odar kaya daga waje ba. Ƙwarai kuwa za a iya.

Salon nan shi ake ce wa steampunk, kwaikwayon zamanin injin tururi ne na ƙarni na 19: baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, tagulla, haƙoran inji, agogon auna matsi. Ki shiga kasuwar Katako da safe, ɓangaren 'yan tsohon ƙarfe, ki yi haƙuri ki tona. Ki nemi fitilun sito da na gareji, musamman masu gilashi mai kauri da kejin ƙarfe a kai. Su na fi so, don da hunturu ƙura ba ta shiga cikinsu, tsumma ɗaya ya isa. Ki ɗaga ki ji nauyinta a hannu, ki ƙwanƙwasa. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma wadda ta ci ta huda, ki bar musu.

To ga inda nake so ki saurare ni da kyau, don Allah. Jikin fitilar kawai za ki saya, kayan cikinta duk a fitar. Tsohuwar waya robarta ta bushe, kina lanƙwasa ta sai ta farfashe kamar ɓawon gyaɗa, ga jiki na ƙarfe, ga wutarmu 220. Gida mai yara! A sa sabuwar waya da sabon mazaunin ƙwai mai murɗawa, E27, a ɗaura wayar ƙasa, mai kore da rawaya ɗin nan, a jikin ƙarfen kansa. In gidan ba shi da dijonkter mai miliampa 30, na'urar nan da ke katse wuta in ta fara zurarewa, a sa. Wannan aikin mai gyaran wuta ne wanda ya san hannunsa, kada a bar wa mai walda shi kaɗai.

In kin tarar da babban ƙwai fari a ciki, irin na fitilun titi na da, kada a fasa shi, akwai zaiba. Tsohon fenti ma yakan ƙunshi dalma, don haka a kankare shi a tsakar gida, a jiƙe, nesa da yara da tukunya. Tagulla kuwa lemun tsami da gishiri ke fiddo da ita, sai dai kada a goge har ta yi ƙyalli, tsufan nan shi ne kyanta.

Ƙwai, ki ɗauki LED mai zare a ciki, mai haske ruwan zuma, 2700K. Wat 4 yana ba da hasken wat 40 na da, kuma ba ya dafa ɗaki, kin dai san bazararmu.

Silin roba ba ya ɗaukar nauyinsu, sai an kafa ƙugiya a kankare. Ki fara da biyu, ɗaya bisa teburin cin abinci, ɗaya a bango. Kafin ki biya, ki buɗe fitilar ki turo min hoton cikin, in duba miki.