Amsa ga ƙanena mai son zuwa karatun gwajin jinin dabbobi

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka, ka ce ka gama DVM, wato digirin likitan dabbobi, a Sakkwato, ka yi bautar ƙasa, kana son zuwa nan Birtaniya ka ƙware a gwajin jini da fitsari da ƙwayoyin jikin dabbobi, wai ta ina za ka fara.

Toh, hanya biyu ce kuma mutanenmu suna yawan cakuɗa su. Akwai horon ƙwarewa na shekara 3 da ake zama jarabawar ECVCP, wato kwalejin ƙwararrun wannan fannin ta Turai, a ƙarshensa, wannan gurbinsa kaɗan ne, kuma yawanci sai kana da rajista da RCVS, hukumar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista a Birtaniya, digirinmu na gida kuwa ba ya ba ka rajistar kai tsaye sai ka ci jarabawarsu, ga kuɗi ga wahala. Sai kuma mastas ko PhD na bincike, shi ba ya buƙatar wannan rajistar, kuma nan nake ba ka shawara ka sa ƙarfinka. Ka nemi tallafin Commonwealth, Jamus ma akwai tallafin DAAD.

Amma abin da ya fi damuna, don Allah kar ka zo hannu rabbana kana cewa ko mene ne malamin da zai duba bincikena yake so zan yi. Lab ɗin nan yawancin samfur na karnuka ne da kyanwa da dawaki, ba wanda zai rasa ɗalibi a kansu. Kai kuma kana da abin da ba su da shi. Littafi ya ce PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, na saniya lafiyayya daga 24 zuwa 46 ne cikin ɗari, to da shanun wa aka auna? Bunaji da Rahaji da Bokoloji da suke yini a rana, ga kaska ga ƙudan tsando, ga yunwar rani, haka jar akuyar Sakkwato da raƙuma, muna ta yi musu hukunci da ma'aunin dabbobin wata ƙasa. Ƙa'ida ta fi son a samu dabba lafiyayya kamar 120 kafin a kafa ma'aunin da za a yarda da shi, wannan kaɗai aikin digiri ne sukutum, kuma makiyayi ne zai amfana wallahi.

Kafin ka taso ka goge hannunka a madubin likita. Ka iya shafa jini a gilashi ka rina da rinin Giemsa, ka iya juya jini a siririn bututu cikin na'ura ka duba farin layin nan da ƙwayar sammore ke taruwa, ka bambance nau'o'inta, congolense da vivax, da idonka. Na'urar ƙirga jini tana rikicewa da jinin kaji saboda jajayen ƙwayoyinsu na da cibiya, dole a koma ido. In ka samu dama ka yi ko wata 3 a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ko asibitin dabbobi na ABU, ka sa a takardarka.

Sai maganar samfur, kar ka kuskura ka saka jinin shanu a jaka ka hau jirgi, sai da izinin hukuma tun kafin, musamman saboda ciwon baki da kofato, kuma izinin yana cin lokaci. Ka tayar da wannan zancen da malamin tun a wasiƙar farko. Ka rubuta shafi ɗaya a kan abin da kake son bincikawa ka turo min in duba kafin ka aika musu.