Ƙaramin zarton tururi: fara da zarton, ba injin ba

Ɗan'uwa, ka ce kana son ƙera ƙaramin samfurin zarto mai aiki da tururi, irin tsofaffin na Ingila da injunan kamfanin Marshall na garin Gainsborough ke juyawa da dogon bel, a ma'aunin 1 cikin 12, kuma kana so ya yanka katako da gaske. To, matsalar tana nan wurin yankan.

In ka rage komai sau 12, cikin silinda ya ragu sau 1,728, amma katako yana nan da taurinsa, zarensa bai ƙanƙance ba. Faifan zarto mai faɗin inci 48 zai koma milimita 100, ƙaramin inji kuwa ba zai iya tura wannan cikin itace ba, haƙori na taɓa katako zai tsaya cik. Shawarata ka saɓa wa ma'aunin a nan. Ka samo siririn faifan da masu aikin ƙarfe ke tsagawa da shi, faɗi milimita 63, kauri 0.8, mai manyan haƙora wajen 30. Mai ƙananan haƙora garin katako ke toshe shi. Haƙoran irin wannan faifan ba a karkace suke hagu da dama ba, don haka katako kan matse shi. Ka kafa siririn ƙarfe a bayansa ya riƙa buɗe tsagar. Itacen balsa, wani katako mai laushi marar nauyi, mai kaurin milimita 6 zuwa 10 za ka yanka, kuma da hannu za ka riƙa tura teburin a hankali kana sauraron kukan injin.

Silinda mai faɗin milimita 19 da tafiyar fistin 19, kamar na ƙaramin injin tururin nan Stuart 10V, ya isa. Fulawil ɗin ka yi shi ya fi abin da ma'auni ya ce nauyi, don shi ke riƙe juyi lokacin da haƙori ya ciji itace. Fulin injin ya ninka na zarton girma, kuma ka ɗan tudunta tsakiyar kowane fuli, in ba haka ba bel zai dinga zamewa gefe. Kafin ka kusanci wuta, gwada injin da iskar kwamfaresa. In bai juya sumul a matsin bar 1 ba (bar ma'aunin matsin iska ko tururi ne), akwai inda ya ɗaure, tururi ba zai gyara maka shi ba.

Tukunyar tururi ita ce inda ba a wasa. Bututun jan ƙarfe marar ɗinki, faɗi milimita 75, kauri 1.6, tsawo 180, murafen gefe milimita 3 da sandar da ta ratsa ta riƙe su. Ka ƙara siraran bututan ruwa biyu ko uku a ƙarƙashi inda wuta ke dukansu, don tukunya zalla ba za ta wadatar da injin ba. Kada ka yi jikinta da tagulla mai ruwan ɗorawa, ruwan zafi na cinye tutiyar da ke cikinta har ta yi rauni ba ka sani ba. Kada kuma ka liƙe da dalmar masu gyaran rediyo: tana narkewa a digiri 183, tururi a bar 3 kuwa ya kai 144, ruwa na ja baya wuta za ta kwance haɗin. Waldar azurfa kaɗai, wadda sai ta haura digiri 600 take narkewa. Bayan haɗawa ka cika ta fal da ruwan sanyi, ba iska ko kaɗan, ka matsa da famfon hannu zuwa bar 6 ka duba ko akwai inda ke tsattsafo. Da ruwa ake wannan gwajin saboda in ta tsage ɗiga za ta yi, da iska kuwa fashewa ce. Bawul mai sakin tururi a bar 3 da gejin matsi wajibi ne.

Ranar kunnawa ruwa kashi biyu cikin uku, na sama ko tatacce, don na rijiya yana barin farin ɓawo a ciki. Za ka ga injin ya tofar da ruwa ya ƙi tashi. Silinda ce da sanyi, tururi na komawa ruwa. Juya fulawil da yatsa har ta ɗumama, ka naɗe bututun da ke kai tururi zuwa injin da zaren auduga, ka gajarta shi iya yi. Man mota kuma tururi na wanke shi daga jikin silinda, sai mai kaurin da aka yi domin injin tururi, ta ƙaramin kofin mai a kan bututun shiga.