Tallafin Gwamnati da Kwaleji Mai Zaman Kanta: Amsa ga Wata Uwa a Aboabo

Tambaya: Malam, ni mai sayar da atamfa ce a kasuwar Kejetia. 'Yata ba ta samu gurbi a jami'ar gwamnati ta KNUST ba, amma wata kwaleji mai zaman kanta a nan Kumasi ta ɗauke ta karatun aikin jinya. Na ji ana cewa gwamnati tana biya wa 'yan shekarar farko kuɗin makaranta, tana kuma ba da bashi. In je in biya kafin alƙalami da wannan lissafin?

Amsa: Hajiya, Allah Ya yi wa yarinyar albarka. Abubuwa biyu ne aka gwama miki. Shirin ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu, wanda gwamnatin Shugaba Mahama na Ghana ta fara a 2025, na ɗaliban makarantun gwamnati ne, don haka ki cire shi daga lissafinki. Wannan yana damuna, domin da yawa daga 'ya'yanmu na zango rashin gurbi ne ya kai su makarantun kuɗi, ba wadata ba.

Abin da 'yarki za ta iya nema shi ne bashin asusun lamunin ɗalibai, SLTF, wanda aka kafa a 2005, kuma tun 2022 katin ɗan ƙasa ya wadatar, ba sai an kawo mai tsayawa ba. Sai dai sharaɗinsa shi ne hukumar GTEC, mai kula da manyan makarantu, ta amince da makarantar, ta kuma amince da ainihin fannin da yarinyar za ta karanta. A nan iyaye suka fi shiga uku, domin makaranta tana iya zama da izini alhali sabon fannin da ta buɗe ba shi da shi. Ki je ofishinsu da ƙafarki, ki ce a nuna miki takardar amincewar, ki sa a karanta miki ranar ƙarewarta, sannan ki tambaye su wace jami'a ce sunanta zai fito a kan shaidar kammalawa. Tunda jinya ce, ki nemi ganin amincewar majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma, wadda ita ce ke ba da lasisin aiki.

Kuɗin kansu ba su da yawa. An daɗe mafi girman abin da ake bai wa ɗalibi sidi 3,000 ne a shekara, kuma ko da ƙarin da aka yi daga baya, da wuya su rufe kuɗin makaranta mai zaman kanta, balle ɗakin kwana da abinci. Sukan kuma zo bayan an yi nisa da karatu. Saboda haka ki tanadi kuɗin zangon farko daga jarinki ko adashinki, ki roƙi makarantar ta rubuta miki yarjejeniyar biya kashi-kashi.

Ki kuma sani cewa bashi ne mai ruwa, wanda 'yarki za ta biya bayan ta gama hidimar ƙasa. Ku zauna da ita da mahaifinta, ku kai maganar ruwan gaban malamin da kuka yarda da iliminsa, kafin ta cika takardar nema.