Me ya sa kiɗan rok na da ba ya gajiyar da kunne kamar na yanzu?

Tambaya: Oga, in na saka Led Zeppelin ko Rolling Stones na shekarun 1970, sai na ƙara murya kafin in ji su sosai, amma ina iya sauraro har dare ban gaji ba. Na yanzu kuwa da ƙarfi yake shigowa, kafin waƙa ta uku kunnena ya ƙoshi. Kayan aikin da ne suka fi namu? In makaɗan jita suka zo situdiyo suna son irin sautin da, ta ina zan fara?

Amsa: Yarona, kunnenka bai yi maka ƙarya ba, amma ka cire batun kayan aiki daga ranka. A 1967 Beatles na ɗaukar kiɗa a Abbey Road da ke Landan a kan tef mai layi huɗu kacal, kwamfutar da ke gabanka kuwa za ta ba ka layi ɗari ba ta ji komai ba. Abin da ya canza shi ne yadda ake amfani da kayan.

Babban abin da ke gajiyar da kai shi ne an cinye ratar da ke tsakanin sanyin sauti da ƙarfinsa. Faifan garmaho yana da iyaka: in aka cika masa ƙarfi, allura tsalle take yi, dole masu yanka faifai su bar wa ganga wurin da za ta fito. Da faifan CD ya zo a 1982, sai ya zama akwai rufi guda, 0 dB (desibel, ma'aunin ƙarfin sauti), kuma komai na iya matsowa har jikinsa. Daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga rige-rigen wanda waƙarsa za ta fi ƙara a rediyo. Sai a sa limita, na'urar da ke hana sauti wuce iyaka, ta aske kan kowane bugun ganga, sannan a ɗaga sauran duka. A tsofaffin fayafayai, tsakanin ƙololuwar bugu da matsakaicin ƙarfin waƙa za ka tarar da desibel 12 ko fiye. A waɗanda aka matse, 6 ne ko ƙasa da haka. Amshi ba ya iya tashi sama da baiti, don baitin ma ya riga ya kai rufi. Kundin da Metallica suka fitar a 2008 shi aka fi buga misali da shi, har magoya bayansu suka riƙa cewa wanda aka saka a wasan bidiyo na Guitar Hero ya fi na CD daɗin ji.

Yau wannan matsi ba ya ma biya. Spotify na daidaita waƙoƙi a kusan -14 LUFS (ma'aunin matsakaicin ƙarfin waƙa), YouTube ma kusa da haka, wanda ya wuce sai a rage shi. Ka matse, an rage, ka tashi ba ƙara ba bugu. A mastarin, wato gyaran ƙarshe kafin a fitar da waƙa, na irin wannan kiɗa ka nemi -12 zuwa -14 LUFS, ƙololuwa ta tsaya a -1 dB, kada limita ta ci fiye da desibel 2 ko 3.

Sai jita, inda yawancin yara ke ɓata aiki. Suna zaton jitar rok ta da cike take da gurnani, sai su murɗa maɓallin da aka rubuta wa Gain har ƙarshe. Je ka saurari jitar Malcolm Young na AC/DC ita kaɗai, za ka ji kusan wankakkiya ce, ƙarfin daga hannunsa yake fitowa. Tsofaffin amfilifayar Marshall, irin JTM45 ta 1962 da mai wat 100 da ta biyo baya, ba su da maɓallin rage murya na ƙarshe. Ba sa gurnani sai an buɗe su ƙwayayen bawul na gilashi da ke ciki sun sha aiki, lasifika tana tura iska. Irin wannan gurnanin yana bin hannu: ka taɓa tsirkiya a hankali ya lafa, ka doka ya taso. Gurnanin da aka tara tun daga farkon amfilifaya kuwa bai san sanyi da zafi ba, duk ɗaya yake fitowa, kuma yana haɗiye tsirkiyoyi shida su zama dunƙule guda.

In akwai ƙaramar amfilifayar bawul mai wat 15, ta fi mai wat 100 amfani a ɗaki, don za ka iya buɗe ta ba tare da maƙwabta sun kai ƙararka wurin mai unguwa ba. Fara da Gain a 4, sautin tsakiya a 6 ko 7, na ƙasa a 4, na sama a 5. Kada ka bari makaɗi ya kwashe na tsakiya. Shi kaɗai a ɗaki yana da daɗi, amma da zarar ganga da jitar bas sun shigo sai ka neme shi ka rasa.

Makirufo guda ya isa, SM57 na Shure, wanda ake yi tun 1965. Haska tocila ta cikin ƙyallen lasifikar ka ga ɗan ƙoƙon da ke tsakiya. Saita makirufon daidai inda ƙoƙon ya haɗu da takarda, santimita 2 zuwa 3 daga ƙyallen. Ka matsa tsakiya, sauti ya yi kaifi har ya soki kunne. Ka matsa gefe, ya yi duhu. Santimita 2 za ka riƙa gusawa kana ɗauka kana ji, kafin ka taɓa wani maɓalli a kwamfuta. In kana son a ji ɗakin, ƙara makirufo na biyu a tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, amma ka sani sauti na tafiyar kusan santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka na nesa yana makara. In ka haɗa su sautin ya sirance kamar daga cikin bututu yake fitowa, juya fuskar ɗayan da maɓallin Ø, ko ka gusa shi, ka sake gwadawa a lasifika guda. Ɗauki a bit 24, ƙololuwa kusa da -10 dB. Yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti), tunda tsirkiya mafi kauri a 82 take. In amfilifayar cikin kwamfuta za ka yi aiki da ita, babu laifi, na yanzu sun yi kyau ƙwarai. Sai dai ka tabbata an kunna kwaikwayon akwatin lasifika, ka kuma rage abin da ya haura 6,000 Hz, don lasifikar jita ta gaskiya ba ta kaiwa can da ƙarfi.

Amfilifayar bawul tana kisa, wannan ba wasa ba ne. Akwai bolt 400 ko fiye a cikinta, kuma yana iya zama ko bayan an zare waya, kada ka buɗe bayanta. Kada ka kunna ta ba a jona lasifika ba, taransifomar fita na iya ƙonewa, kuma lasifika mai om 8 ta tafi ramin da aka rubuta wa om 8. Wadda aka shigo da ita daga Amurka ta bolt 120 ce, wutarmu 230, sai da taransifomar rage wuta. Gunjin da kake ji a jitar Stratocaster na wutar 50 Hz ne da maganaɗisu mai naɗi ɗaya da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi ke tsinta. Sa makaɗin ya juya a hankali har ya sami fuskar da ya lafa, ya nisanci kwamfuta da waya mai caji. Amma kada ka kuskura ka cire ƙafar filogi ta ƙasa don kashe gunji, tsirkiyar da ke hannunsa ce za ta ɗauki wutar.

Ganguna kuwa, a rok na da har ɗakin ake ɗauka tare da su. Shahararren bugun John Bonham, mai gangar Led Zeppelin, da ya fito a 1971 an ɗauke shi ne a zauren matakala na gidan Headley Grange, da makirufo biyu rataye a sama. Gwada tsarin injiniyan sauti Glyn Johns: makirufo ɗaya kusan mita guda a saman ƙaramar gangar tsakiya, na biyu a gefen babbar gangar da ke tsaye a ƙasa yana kallon ta tsakiyar, na uku a gaban gangar ƙafa. Auna da igiya, na farko da na biyu su zama nisansu ɗaya daga cibiyar gangar tsakiya, in ba haka ba bugunta zai karkace gefe ya yi rauni. Tsarin nan ba ya rufa wa kowa asiri. In mai ganga yana dukan farantan tagulla fiye da kima, haka za a ji shi.

A ɗaukar zamani kowace ganga da makirufonta, a ja kowane bugu ya hau layin kwamfuta, a ɗora masa wani da aka ɗauka tuntuni. Ga masu kiɗan metal mai gudu, wannan dole ne, in ba haka ba bugun gangar ƙafa da ƙafa biyu ba zai fito ba. Ga irin sautin da kake nema kuwa ɓarna ce, don ɗan gaggawar da makaɗa ke yi in sun shiga amshi ita ce ke ɗaga mai sauraro. Sa su a ɗaki guda su buga tare, amfilifaya ta juya wa ganguna baya, a kare da katifa. Ɗan sautin da zai tsallaka makirufon wani ba aibi ba ne.

Kada ka ɗauka duk na yanzu haka yake, kamar yadda na da ma akwai masu laka da ba a jin bas. Foo Fighters sun ɗauki kundinsu na 2011 a kan tef a garejin jagoransu Dave Grohl. Ga kuma Bombino da Mdou Moctar na Nijar, jitarsu ta zamani ce amma tana bin hannu. Saka ɗaya daga cikinsu kusa da aikinka in kana miksin, wato haɗa sautukan, sai dai ka daidaita ƙarfin biyun kafin ka kwatanta, don ko desibel ɗaya wani ya fi, kunne zai ce shi ya fi daɗi.