Amsa: Yayanmu ya ba da hayar filin gado ba da saninmu ba

Ɗan'uwa, ka ce yayanku ya ba wani hayar filin da babanku ya bari na shekara 10, ku ba ku sani ba, yanzu mutumin har ya fara zuba bulo. To gaskiya in dai ba a raba gadon nan ba, filin na dukkanku ne, kasancewarsa babba bai ba shi ikon sa hannu a madadin kowa ba sai in kun wakilta shi, kuma abin da alƙali zai fara tambaya ke nan, ina shaidar wakilcin?

Kada ku je ku rushe ginin ko ku yi rigima da mai hayar, laifi zai koma kanku. Ku nemi lauya ya shigar da ƙara, ya kuma roƙi kotu ta ba da umarnin dakatar da aiki har a gama shari'a. Ku haɗa takardun filin, kwafin yarjejeniyar hayar, da dattawan da suka san iyaka. Amma fa ku binciki junanku tukuna, in wani cikinku ya taɓa karɓar kaso daga kuɗin hayar, lauyan ɗaya ɓangaren zai ce ai kun amince. Kuma kar ku yi ta jan ƙafa, shirun da ya daɗe shi ma yana raunana ƙara.