Na canja tiyon sitiyari da kaina, yanzu ya yi tauri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord 2003, wadda ake ce wa EOD. Tiyon da ke mayar da mai kofin sitiyari ya fara yoyo, sai na sayo sabo na ɗaura da kaina, na cika mai. Tun ranar sitiyarin ya yi tauri, sai na sa hannu biyu, ga wani kuka idan zan sha kwana. Maƙwabcina ya ce in ɗan zuba man birki, wai zai saki. Da ita nake kai yara makaranta, hankalina ya ƙi kwanciya. Ko famfon da ke tura man sitiyarin na kashe?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, da wuya a ce famfon ya mutu. Galibi iska ce ta shiga lokacin da ka zare tiyon. Tayar da injin, ka buɗe murfin kofin. In ka ga man yana kumfa, to ita ce. Ɗaga gaban motar da jak har tayoyin biyu su bar ƙasa, ka tokare ta sosai, ka kashe injin, sannan ka riƙa juya sitiyari a hankali ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20, kana ƙara mai duk sanda ya sauka. Sai ka tayar, ka maimaita, amma kada ka danne shi a ƙurya fiye da daƙiƙa 5. In kumfar ta dawo, duba kilif ɗin tiyon, sannan 'yar robar da ke bakin famfo inda mai ke shiga. EOD ta yi suna wajen zuƙar iska ta nan, kuma robar ba ta da tsada. Taɓa bel ɗin da ke juya famfon ma, ko ya saki.

Sai maganar maƙwabcinka. Don Allah, kada ko ɗigo ya shiga kofin nan! Kusan kullum sai an kawo mana motar da aka yi wa wannan aika-aika, kuma amsar ɗaya ce: “Ai mai duk mai ne.” Wa ya faɗa? Man birki, DOT 3 ko DOT 4, ba daga ɗanyen mai ake yin sa ba, yana shan ruwa, kuma ba ya da santsin da famfo ke buƙata. Robobin cikin rak, wato ƙarfen da ke kai juyin sitiyari ga tayoyin gaba, suna haɗuwa da shi sai su kumbura. Kwana biyu yoyo ya tsaya, mai shawara ya zama gwani a majalisa. Bayan nan su ruɓe, mai ya tsiyaye, sitiyari ya ƙage maka a tsakiyar shataletale da yara a baya. Ranar da za a sauke rak da famfo, shi ba ya nan, aljihunka ne zai amsa. Abin haushin, har wasu masu kiran kansu kanikawa suna yi da hannunsu, su karɓi kuɗin aiki.

Ba ka faɗa mini wane mai ka cika ba. Idan jan man giya ne, wato ATF, wannan na irin su Camry ne masu Dexron a rubuce kan murfi. Honda nata take so na musamman. In shi ka zuba, a zuƙe shi duka, a wanke layin, a sa na Honda. Kafin nan yara su hau Keke Napep.