Wane lokaci ya fi dacewa da zuwa Matsirga da dutsen Kagoro?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu shida ne abokan aiki a nan Kaduna, muna son mu je matsirgar ruwa ta Kafanchan mu bi kwarin kogin da ƙafa, washegari kuma mu hau dutsen Kagoro. Wasunmu sun ce a tafi a watan Agusta lokacin da ruwa ya cika, wasu kuma sun ce a bari sai hutun Disamba. Wanne ya fi, kuma wane shiri ya kamata mu yi? (Daga wani mai karatu a Unguwar Rimi)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A ganina ku bar Agusta, ku bar Disamba, ku tsayar da tafiyarku tsakanin ƙarshen Oktoba da tsakiyar Nuwamba, wato lokacin kaka, domin a 'yan makonnin nan ne kawai ruwa mai yawa da sararin sama mai haske suke haɗuwa.

Matsirga tana kusa da Madakiya, kafin a shiga garin Kafanchan, kuma ruwanta yana gangarowa ne daga duwatsun Kagoro, ya faɗo daga tsayin da ya kai mita 25 ko fiye zuwa cikin kwari mai duwatsu. Masu son Agusta suna da hujja, domin a tsakiyar marka ne ruwan yake nuna ƙarfinsa. Sai dai ku ba kallo daga nesa kuka ce za ku yi ba, cewa kuka yi za ku bi kwarin da ƙafa. Kwari irin wannan shi ne makwararar duk ruwan da ya sauka a kan duwatsun da ke sama da shi, kuma dutse ba ya shan ruwa kamar yadda gona take sha, saboda haka ana iya tafka ruwa a can saman Kagoro alhali inda kuke rana ce tangararan, sai kawai ku ga kogi ya kawo cikin ɗan lokaci. A fili ruwa baje kansa yake yi, amma a matsatsin wuri ba shi da inda zai je sai sama. Mutane kan raina ruwan da bai kai gwiwa ba, alhali ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kwashe ƙafafun babban mutum. Idan kuna cikin kwari kuka ga ruwan ya rikiɗe ya yi ja, ko ya fara ɗauko ganyaye da karare, ko kuka ji ruri daga sama, to ku hau tudu nan take, kada ku tsaya tattara kaya.

Disamba kuwa matsalarsa ba ta haɗari ba ce. Ruwan ya ragu sosai, sannan hazon hunturu yana rufe nesa, har mutum ya sha wahalar hawa dutsen da tsayinsa daga matakin teku ya haura mita 1,200 ya isa sama bai ga komai ba sai ƙura. Abin da zai sa in yarda da wannan lokaci shi ne idan kuna son ku haɗa da bikin Afan da mutanen Kagoro suke yi kowace ranar 1 ga Janairu, amma wannan wata tafiyar ce daban.

Ko da kun je da kaka, akwai abin da nake so ku kiyaye a gindin matsirgar kanta. Gurbin da ruwa yake faɗawa yakan fi zurfin da ido yake nunawa, tun da shekara da shekaru ruwa da tsakuwa suna ƙwaƙule shi, kuma ruwan wurin juyawa yake yi yana komawa ƙarƙashin mafaɗarsa. Bugu da ƙari, farin ruwan nan mai kumfa cike yake da iska, ba ya ɗaga jiki kamar ruwa na yau da kullum, shi ya sa gwanin iyo ma yake nutsewa a cikinsa. Duwatsun da feshi yake jiƙawa kuma gansakuka ta lulluɓe su, santsinsu ya fi na sabulu. Na lura cewa masu neman hoto ne suka fi matsawa baki, don haka ku yi wa junanku iyaka tun kafin ku sauka, kuma kada kowa ya je da silifas ko takalmin ofis, sai kambas mai kaushin tafi.

Wajen lissafin lokaci, akwai tsohuwar ƙa'ida da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya tsara a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Ga waɗanda suka saba zaman ofis, shawarata ita ce ku ƙara rabin abin da lissafin ya ba ku. Ku fara hawa bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, kowa da ruwan sha aƙalla lita biyu, kuma ku fito daga kwari kafin la'asar, saboda duhu yana riga shiga can kafin ya shiga fili. Ciyawa tana da tsawo da kaka, kasa da kububuwa kuma suna son gindin dutse, saboda haka ku sa dogon wando, kada ku zura hannu inda ido bai gani ba. Idan tsautsayi ya gitta maciji ya sari wani, kada a ɗaure wurin kuma kada a tsaga, a hanzarta kai mutum asibiti a Kafanchan.

Hanyar daga Kaduna ta Kujama, Kachia da Zonkwa ta haura kilomita 200, kuma ta sha fama da matsalar tsaro, don haka ku yi ta da rana bayan kun tambayi direbobin mota halin da ake ciki a makon. Idan kun isa, ku fara gaida mai unguwa ko dagacin wurin, ku nemi ya haɗa ku da ɗan gari da zai yi muku jagora, ku kuma daidaita ladansa tun kafin ku kama hanya.